Ƙafar Abba da Ragon Bakin Teku

Ƙarfe biyu da minti ashirin na rana lissafina ya fara rushewa, muna zaune a ɗakin jiran jirgi a Kano, ko tashi ba mu yi ba. Na san lokacin ne saboda agogon bango nake kallo don kada in haɗa ido da kowa. Wayar Abba ta yi ƙara, ya duba, ya washe baki.

"Alhaji Ɗanladi, mutanen Dubai. E, gobe da safe in sha Allahu. A'a, wannan karon har da iyali." Ya saurara, ya yi dariya. "Kai dai kada ka wahalar da kanka."

Umma ta dube ni, na dube ta. Duk mun san abin da mutumin Kano yake yi idan aka ce masa kada ya wahalar da kansa.

Tun da na dawo 'yan ɗakinmu a makaranta suke tambayata: kin hau dogon benen nan? Kin shiga kasuwar zinare? Ni kuma idan mutane suka wuce biyu bakina ba ya aiki, sai in ce lafiya lau in koma kan littafina. Zainab, ɗaya daga cikinsu, ta ce in ba zan iya faɗa ba, in rubuta. To ga shi. Amma ku sani tun yanzu, ban hau benen ba. Kicin na gani, da teku, da ƙafar Abba.

Abba ya fi shekara ashirin yana zuwa Dubai saro yadi da mayafai. Abin da ya sani a garin bai wuce kasuwar Deira da ofishin kago da ɗakin otal ba. Umma kuwa ba ta taɓa ganin teku ba, kuma tun suna sabon aure ya yi mata alkawarin wata rana zai kai ta su taka ruwan tare. Bana da Yaya Nura ya gama bautar ƙasa, ni ma muka sami hutu, sai ta tuna masa a gaban ƙannensa, ya rasa ta inda zai zille.

Saura wata guda mu tafi babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura, ya yi jawur kamar tumatir, ko zanin gado ya taɓa shi sai Abba ya yi salati. Likita ya ce gawut ne, wani ciwon gaɓoɓi. Ya ba shi magani, ya ce ya bar nama, musamman kayan ciki, ya bar kifi, har sai sun sake haɗuwa. In ya karya ƙafar za ta tashi, in kuwa ta tashi sai ya yi mako a kwance. Abban da ko kunu aka miƙa masa sai ya leƙa ko akwai tsoka a ciki.

Umma ta yanke hukunci cewa dukanmu za mu bar nama, don kada ya ji ƙamshi a kwanon wani. Ta ɗora mini tsara abincin tafiyar, domin ni ce mai karanta bayan kwali kafin in ci biskit. Abba ya amince da sharaɗi guda, kada kowa ya ji.

"Ɗan kasuwa in aka ji yana ciwo, kafin ya miƙe an raba kwastomominsa," in ji shi. "Ɗanladi kuwa sai ya shekara yana yi mini dariya."

Na zauna na yi tunani sosai. Abinci nake so mai sauƙi, wanda za a dafa da tukunya biyu a kicin ɗin haya, a zuba a kula, a kai bakin teku, ya kai yamma bai lalace ba. Na tsayar da dambun shinkafa da zogale, ɗan wake, wake da shinkafa da mai da yaji, awara, kwaɗon rama, da gurasa da ƙuli. Alale na soke shi don ban tabbata za mu sami injin markaɗe ba. Har dunƙule na sauya, saboda na gano wanda muke sa wa miya a gida na ɗanɗanon kaza ne. Yaya Nura ya ji tsarin ya ce, "Hafsa, hutu za mu je ko makarantar kwana za ki mayar da mu?"

Tun daga gida na nema mana abincin marasa cin nama a jirgi. Abin da ban sani ba shi ne kafin na kowa ake kawo shi. Ma'aikaciyar ta taho tana kiran lambar kujerunmu, ta ajiye mana ƙunshi huɗu, jirgi kaf yana kallo. Abba ya buɗe nasa, dafaffen karas ne da koren wake da farar shinkafa. Wani dattijo da ke gefensa ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi."

"Lafiyata ƙalau," in ji Abba. "Yarinyar ce take karatun likita, tana gwaji a kanmu."

Ni kuwa tarihi nake karantawa.

A Addis muka sauya jirgi. Babu abin da ya faru a can, sai Yaya Nura da ya ɓace na ɗan lokaci ya dawo yana goge baki da bayan hannu.

A Dubai akwatina aka ware gefe. Na ƙulle kayan miyar ne a fararen ledoji, kowace daban: kuka, busasshen zogale, rama, garin ɗan wake, kanwa, ƙuli-ƙuli, yaji, daddawa. A gida wannan tsafta ce. Amma da aka jera su a kan teburin jami'in kwastan, koren gari ƙulli-ƙulli ga busasshen ganye ga dunƙulen kanwa, ni kaina sai na ga abin ya yi wata kama. Jami'in saurayi ne mai ladabi. Ya ɗaga ledar kuka ya tambaye ni da Larabci mene ne wannan. Na yi shekaru a Islamiyya, na san fa'ili na san maf'uli, amma ba a taɓa koya mana sunan kuka ba. Na juya na dubi Abba.

"Shurba, habibi, shurba," in ji Abba, wato miya, yana kwatanta loma da hannu.

Jami'in ya kira wani, wanin ya kira na uku. Aka shinshina zogale. Aka ɗanɗana ƙuli, na ukun ya ƙara gutsura. Sai suka iso ga daddawa, wadda na naɗe a leda kan leda na tura a gwangwani. Na farkon ya buɗe murfin, ya tsaya cak, ya mayar da shi a hankali, ya turo mini akwatin da yatsa biyu.

"Khalas. Yalla." Wato shi ke nan, mu wuce.

Masaukinmu fulat ne mai kicin a Port Saeed, kusa da inda jiragen ruwa na katako suke lodi. Ta taga kana hango firji da tayoyi da buhunan shinkafa jibge a bakin ruwa, ba mai gadi, ba mai taɓawa. Umma ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "A garinmu da tuni firjin can yana ɗakin amarya."

Mai kula da ƙofar ginin sunansa Fuseini, ɗan Zangon Kumasi ne, Hausarsa da daɗi kamar ana waƙa. Shi ya fara hawowa a guje ranar da na soya attaruhu, domin wata na'ura a rufin kicin ta ɗauki ihu, maƙwabta suka fito baranda. Ya danna wani abu ta yi shiru, ya nuna mini fankar da ke zuƙe hayaƙi, ya ce, "Ƙanwata, a nan in an soya barkono gini duka ne yake ci." Murhun ma baƙin gilashi ne, ba harshen wuta ba hayaƙi. Umma ta ce ita ba ta yarda da wutar da ba ta nuna fuskarta ba, ta bar mini shi.

A ƙasan ginin akwai kantin wani Ba'indiye. Da ƙyar na iya gaya masa cewa ba ma cin nama. Ya dafa ƙirji, ya tambaye ni daga wace ƙasa, na ce Najeriya, ya kira ƙaninsa daga ciki ya zo ya gan ni. Ya nuna mini wake kala-kala, ja da rawaya da baƙi da wasu ƙanana kamar gero, ya nuna mini awara ɗanya a kwali, ya ƙara mini ganye kyauta. A duk tafiyar shi kaɗai ne ya yi murna da tsarina.

Washegari da safe muka nufi bakin teku a Mamzar. Abba ya ce mu yi gaba, zai leƙa wani kaya a Al Quoz ya same mu yanzun nan. Bai zo ba.

Teku dai ruwa ne da ba shi da ɗaya gefen, kuma ba ya zama shiru. Abin da ya fi ɗaukar hankalin Umma mutane ne. Turawa sun shafa mai sun kwanta a rana, in gefe ɗaya ya yi sai su juya. Ta ce, "Mu muna sayen fanka don mu guje mata, su kuma sun hau jirgi sun zo sun shanya kansu kamar barkono." Ta shimfiɗa tabarma can nesa da ruwa, ko takalmi ba ta cire ba. Na ce ta zo ta taɓa ko da hannu ne.

"Ba ke kika yi mini alkawari ba," in ji ta.

A ranar na koyi cewa dambu da iskar teku ba sa shiri. Rabinsa ya tashi, rabin da ya rage ya haɗu da yashi, muka riƙa taunawa muna jin ƙaras-ƙaras. Ɗan wake shi ne abincin bakin teku, yana da nauyi, mai ya riƙe masa yajinsa, iska ba ta iya masa komai.

Bayan magariba, na sauke wake da shinkafa ke nan, Fuseini ya bugo waya ya ce muna da baƙi. Faranti ne ya fara shigowa, mai faɗi, a lulluɓe, ƙamshinsa ya riga shi. Bayansa Baba Ɗanladi, gajere mai jiki, wanda yake zaune a Dubai da iyalinsa yana tura wa mutane kaya. Bayansa kuma abokinsa Baba Mamman, mutumin Damagaram, dogo, ba ya fara magana sai ya ce "bon", wato "to" da Faransanci. Aka buɗe farantin, mandi ne, shinkafa da cinyar rago a kwance a kai.

"Hajiya ce ta ce a kawo wa baƙi," in ji Baba Ɗanladi. Ya leƙa tukunyar da ke hannuna. "'Yata, wannan fa? Ina naman?"

"Ganye take ba mu," in ji Yaya Nura. "Kullum."

Baba Ɗanladi ya jinjina kai kamar wanda ya ji labari mai amfani.

Kun san yadda abin yake. Baƙo ba ya mayar da abinci, wanda ya kawo kuma ba ya barin baƙo ya ci shi kaɗai. Suka zauna a ƙasa suka kewaye faranti. Baba Ɗanladi ya yago tsokar da ta fi laushi ya tura gaban Abba. Abba ya ɗago ya dube ni a ƙofar kicin, idonsa yana cewa, kin dai gani, ba ni na nema ba. Ya ci.

Da suka tafi na daure na ce, "Abba, likita fa ya ce..."

"Malama," haka yake kirana in zai tsokane ni, "so kike in wulaƙanta mutum a ƙasar mutane? Tsoka ɗaya ce."

"Huɗu ce."

"Au, ƙirgawa kike?"

Washegari gasassun kaji ne. Wanshekare hanta da ƙoda a tsinke, wato ainihin abin da likita ya ja wa layi biyu. Ranar da ta biyo baya jatan lande, kowane ya kai tafin hannu, wai ai teku muka zo. Har wani Alhaji na uku ya fara biyo su, wanda ban taɓa jin sunansa ba, ba ya magana, gaisuwa kawai yake yi ya naɗe hannun riga. Da safe kuma kullum Abba yana da kayan da zai leƙa, mu je teku mu uku, Umma ta zauna a tabarma da takalminta a ƙafa.

Na yi iya dabarata. Na gano Larabawa suna da ƙosansu, falafil, ba nama a ciki, na sayo na gina wa Abba katanga da shi a gefensa na farantin. Baba Mamman ya miƙo dogon hannu ya cinye katangar, ya ce, "Bon, ɗiyata, wannan ƙosan ya yi makaranta." Sai na tuna likita ya ce Abba ya yawaita shan ruwa. Ni da a gida in an yi sallama nake shigewa ɗaki, sai ga ni ina zarya a falo da jug, in cika wa Abba kofi in tsaya a kansa sai ya shanye. Baba Ɗanladi ya ce, "Alhaji, yarinyar nan akwai tarbiyya." Wannan dabarar ce kaɗai ta ɗan yi aiki, domin rabin zaman Abba a hanyar banɗaki yake yinsa. Yaya Nura kuwa tun daren farko ya koma cikinsu, wai girmama manya.

Akwai abin da na lura da shi. Masu kawo abincin sun fi baƙon ci nesa ba kusa ba. In an gama kuma Baba Ɗanladi sai ya wanke hannu da sabulu sau biyu, ya goga lemon tsami, ya tauna kanumfari, ya fesa turare har a gemu, sannan ya matsa kusa da Baba Mamman ya ce, "Shinshina." Baba Mamman ya shinshina ya ce, "Bon, ka fita." Na ɗauka al'adar Dubai ce, har na yi niyyar ba ku labarinta a matsayin tsaftar mutanen can.

Ana saura kwana biyu mu dawo na ga Abba ya fito da babbar riga da hula, a ƙafarsa kuma silifas ɗin banɗaki. Yatsan ya fara ja. Bai kumbura sosai ba tukuna, amma yana taka shi kamar mai tsoron tashin jariri. A daren jiyan kuma Baba Ɗanladi ya riga ya sanar cewa ranarmu ta ƙarshe dukansu za su raka mu bakin teku, kuma zai zo da rago guda cikakke, da kayan cikinsa. Abba ya ce masa kada ya wahalar da kansa.

Umma tana da wani sabon mayafi shuɗi da ta saya musamman don ranar da za su shiga ruwan. Da safen nan na ga ta cire shi daga jikin ƙofa ta ninke ta mayar akwati. Na shiga kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Can sai ta leƙo ta ce, "Hafsa, baiwar Allah nan kullum tana aiko mana da abinci, ba mu taka mun je godiya ba. Abin kunya ne. Kuma ko kula ɗaya ba ta aiko ba balle a mayar mata da wani abu a ciki, kullum a farantin gidan abinci."

Gaskiya ne Baba Ɗanladi kullum yana cewa ba sai mun je ba, shi zai isar. Umma ta ce godiyar mace ba a ba wa namiji saƙonta. Ta aiki Yaya Nura ya sayo sabuwar kula, na cika ta da awara, muka hau tasin mata, mai ruwan hoda a rufi, mace ce take tuƙi.

Hajiya Rabi, matar Baba Ɗanladi, mace ce mai babbar murya da haƙorin Makka, tana sayar da abaya ta waya. Ta rungume Umma, ta zaunar da mu, ta kawo shayi da dabino. Aka yi gaisuwa aka tambayi mutanen Kano unguwa-unguwa. Sannan Umma ta gyara zama.

"Hajiya, godiya muka zo. Wannan ɗawainiya kullum, rago, kaji, hanta. Allah ya saka da alheri."

Hajiya Rabi ta ajiye butar shayi.

"Wace hanta?"

"Wadda Alhaji yake kawo mana. Ya ce ke kike aikowa."

"Alhaji Ɗanladi? Nawa? Wanda likita ya hana nama tun bara saboda hawan jini? Wanda nake dafa wa kabeji ina kuka yana kuka?" Ta tafa hannu a hankali. "Ce mini ya yi kullum gidanku yake cin abincin dare, wai kuna da yarinya da ba ta dafa komai sai ganye. Har addu'a na yi mata." Ta juyo kaina. "Ke ce mai ganyen? Matso nan, 'yata. Me ya ci?"

Na dubi Umma. Umma ta dubi rufin ɗaki. Sai na faɗa, tun daga cinyar rago har jatan lande, rana bi rana, har da lemon tsami da kanumfari. Hajiya Rabi ta ɗauki waya ta kira matar Baba Mamman. "Hadiza, ajiye abin da kike yi ki zauna. Naki ma yana ciki." Ashe shi ma an hana shi. Na ukun ma da na kwatanta shi, ta ce ta san matarsa.

Na san sharaɗin Abba, na kuma san ban taɓa saɓa masa ba ko a kan tashar talabijin. Amma na tuna mayafin nan a akwati.

"Hajiya," na ce, "Abba ma an hana shi. Ƙafarsa ta fara tashi. Gobe kuma rago za su kawo, in ya ci ba zai iya taka ruwan ba."

"Hafsa," in ji Umma. Iyakar abin da ta ce ke nan, ban kuma gane faɗa ne ko godiya ba.

Hajiya Rabi ta buɗe kular, ta ɗauki awara ɗaya, ta tauna tana tunani. "Ku bar su su kawo," in ji ta. "Ke dai ki dafa mana da yawa. Zan aiko miki da manyan tukwane."

A daren Alhazan ba su zo ba, sun aiko cewa a bar wa rago wuri. Abba ya ci tuwon semo da miyar kuka, ya sha magani, ya ɗora ƙafa a kan filo yana kallonta kamar mai ba ta haƙuri.

Washegari tun safe nake kicin, fanka a kunne. Ɗan wake tukunya guda, kwaɗon rama da ƙuli, gurasar Larabawa da na yayyafa wa ruwa na barbaɗa wa ƙuli da mai da albasa da tumatir, ta fito kamar ta bakin kasuwa, sai zoɓo ba sukari sosai. Dambu ban ko kalle shi ba.

Bayan la'asar muka isa. Abba ya yi turus da ya tarar da Hajiya Rabi da Hajiya Hadiza sun riga mu, sun baje tabarma suna shan iska. Ya gaishe su, ya zauna, ya ja babbar riga ya rufe silifas. Ba a jima ba sai ga Alhazan sun taho ta cikin yashi, Baba Ɗanladi a gaba, Baba Mamman a baya, faranti a tsakaninsu kamar masu kawo lefe. Na ukun yana biye da ledar lemon tsami. Baba Ɗanladi ya hango matarsa ya ja birki, farantin ya buge shi a baya.

"Bon," in ji Baba Mamman. Babu abin da ya biyo baya.

"Sannu da ɗawainiya, Alhaji," in ji Hajiya Rabi. "Ganyen ne wannan? Ya yi ƙiba."

"Na baƙi ne, Hajiya."

"Baƙon ma an hana shi. Ka ce ya nuna maka ƙafarsa."

Baba Ɗanladi ya sauke farantin, ya sunkuya, ya ɗaga gefen rigar Abba da yatsa, ya ga silifas, ya ga jan yatsa.

"Kai ma?"

"Kai ma ɗin?" in ji Abba.

Baba Ɗanladi ya fara dariya har ya zauna a yashi. Ya zura hannu a aljihu ya fito da ƙwayoyinsa, Baba Mamman ya fito da nasa, na ukun ya fito da leda guda. Suka shiga gwada na wa ya fi girma, da likitan wa ya fi mugunta. Abba ya yi dariya tare da su, amma a tsakiyar dariyar ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ni kuma na shiga jera cokula.

Ragon dai Umma ta riga ta yi masa masauki. Ta gaya wa Fuseini tun safe, ranar hutunsa ce, ya zo da 'yan Zango abokansa suna buga ƙwallo can gefe. Suka zo suka ɗauke shi suna sa albarka. Yaya Nura ya ce bari ya kama musu, bai dawo ba sai da aka kira magariba. Baba Ɗanladi ya bi farantin da ido har ya ɓace a bayan bishiyoyi.

Na zuba wa kowa. Suka ci, matan suna kallon kowace loma. Baba Mamman ya ƙara ɗan wake, ya suɗe yatsa, ya ce, "Bon, ɗiyata, da daɗi. Sai dai kamar ɗaurin aure ne ba ango."

Rana ta yi sanyi. Umma ta miƙe, ta buɗe jakarta, ta yafa shuɗin mayafin, ta cire takalmi ta ajiye gefen tabarma.

"Alhaji," in ji ta.

Abba ya dubi abokansa, ya dubi ruwa. Ya tashi, ya cire babbar riga ya miƙa mini, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Yana ɗan ɗingishi, amma yana tafiya. Suka nufi ruwan, tazarar mutum guda a tsakaninsu saboda idon jama'a. Igiyar farko ta zo ta shafi ƙafafunsu ta koma. Ta biyu ta fi girma, Umma ta cafke hannun rigarsa, shi ma ya riƙe ta, hularsa ta faɗa ruwa ta kama hanyar Indiya. Daga tabarma muna jin dariyar Umma. Hajiyoyin suka juya baya suna duba abaya a waya, Alhazan suka shiga gardamar kuɗin kwantena da ƙarfi, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Da suka fito na kai masa tawul. Na tattara abin da ya rage mini na ƙarfin hali na ce, "Abba, fushi kake da ni?"

Ya karɓi tawul, ya zauna, ya goge ƙafar a hankali, yatsa bayan yatsa. Bai ce komai ba. A mota ma bai ce ba. Washegari muna haɗa kaya ya yi magana da Umma, ya yi wa Yaya Nura faɗan caja, ya yi sallama da Fuseini, wanda na bar wa sauran daddawa ya rungume gwangwanin kamar ɗan'uwa. Ni dai ko Malama bai ce mini ba.

Filin jirgin Dubai gari ne guda, daga inda ake duba fasfo zuwa ƙofar jirginmu tafiya ce mai nisa. Wani mai ƙaramar motar ɗaukar tsofaffi ya ga furfurar Abba ya tsaya. Abba ya ɗaga masa hannu ya wuce, takalmi sau ciki a ƙafarsa. Ina baya da jakar kuloli. Sai na ga yana rage sauri, yana ragewa, har na iso daidai kafaɗarsa. Bai dube ni ba, gabansa yake kallo.

"Malama, tambayar da kika yi jiya," in ji shi. "Ƙafata ta ce ta gode. Cikina kuwa ya ce ki bari mu sauka Kano, yana da magana da ke."